Jirgin ruwan dakon jiragen yaƙi: har yanzu yana biyan kuɗinsa?

Malam Sanusi, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga batun da nake so mu tattauna, musamman injiniyoyi da masana harkar tsaro da ke cikinmu. Amurka ta kashe kimanin dala biliyan 13 wajen ƙera Gerald R. Ford, jirgin ruwan dakon jiragen yaƙi da ta shigar aiki a 2017. Nauyinsa tan dubu 100, tsawonsa ya haura mita 330, kuma idan ya fita da jiragensa akwai mutum wajen 4,500 a cikinsa. A gefe guda kuma, a watan Afrilun 2022 Yukiren, wadda ba ta da rundunar ruwa ta a zo a gani, ta nutsar da Moskva, babban jirgin Rasha a Bahar Aswad, da makamai masu linzami biyu ƙirar Neptune da aka harbo daga gaɓa. A ganina zamanin waɗannan manyan jirage ya wuce. An tara dukiya da rayuka wuri guda, shi kuwa abokin gaba sa'a ɗaya kawai yake nema.

Injiniya Bala, Kakuri:
Wa alaikumus salam Malam. Moskva ba mai dakon jirage ba ne. Nauyinsa bai wuce tan dubu 12 da 'yan kai ba, ƙirar zamanin Tarayyar Sobiyet ne, kuma yana yawo kusa da gaɓa babu jirgin sama mai yi masa gadi. Kwatanta shi da Ford ba zai kai mu ga gaskiya ba.

Nutsar da jirgi mai tan dubu 100 aiki ne ja. An yanyanka cikinsa zuwa ɗakuna masu ɗimbin yawa, kowanne da ƙofar ƙarfe da ruwa ba ya ratsawa, saboda haka rami ɗaya ɗaki ɗaya ko biyu yake cikawa. A gefunansa ƙarƙashin ruwa akwai jerin tankuna, wasu da mai, wasu da ruwa, wasu wayam, domin su shanye ƙarfin fashewa kafin ta kai ga injuna da ma'ajiyar bama-bamai. A 2005 Amurka ta ɗauki tsohon jirginta mai suna America ta yi kusan mako huɗu tana gwada nakiyoyi a kansa, babu ko mutum ɗaya a ciki mai toshe rami ko kashe wuta, ƙarshe sai da gangan aka nutsar da shi. Shi kansa Ford a 2021 an tayar da nakiya mai nauyin kusan tan 18 a kusa da shi, har na'urorin auna girgizar ƙasa suka nuna maki 3.9, ya koma tasha da kansa.

Hajiya Rabi, Malali:
Injiniya, duk abin da ka faɗa haka yake, amma wa ya ce sai an nutsar da shi? Amfanin jirgin nan gaba ɗaya yana kan dandamalin samansa. Idan jirage ba sa tashi ba sa sauka, an gama da shi ko da yana kan ruwa lafiya lau.

Dubi abin da tashi da sauka suka dogara a kai. Majaujawa huɗu ce ke cilla jirage. A ƙirar Nimitz, wato jiragen dakon jiragen Amurka da suka gabaci Ford, tururi ne ke tura fistin a cikin bututu biyu da ke ƙarƙashin dandamali, ya fizgi jirgi ta ƙafar gaba, cikin daƙiƙa biyu ya kai shi gudun kilomita 260 a awa a tsawon da bai kai mita 100 ba. A Ford an maye gurbin tururi da maganaɗisun lantarki. Wajen sauka kuma igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu ne shimfiɗe a gicciye, jirgi ya saki ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta kama ɗaya, injin da ke ƙasa ya tsayar da shi cikin mita 100 ko sama kaɗan. Matuƙi da zarar tayarsa ta taɓa dandamali sai ya ba injin wuta gaba ɗaya, domin in ƙugiya ta kuskure ya samu ƙarfin sake tashi. Kowace igiya ana ƙirga saukar da ta kama, ta kai ɗari da 'yan kai a cire ta a sa sabuwa.

To rami ɗaya a inda igiyoyin suke ya isa. Jiragen da ke sama sai su nemi filin tudu, in babu kusa sai teku. Kuma ba sai abokin gaba ya harba komai ba ma. A 2016 a gaɓar Siriya, Admiral Kuznetsov na Rasha ya yi asarar jirage biyu, MiG-29K da Su-33, duk a kan matsalar igiyar sauka.

Baba Ɗanladi, Kawo:
Hajiya ta taɓo inda ciwon yake. Ku ƙara da wuta. Jirgin Nimitz yana ɗauke da man jirgin sama galan miliyan uku, ga bama-bamai, ga jirage jere fiffike na taɓa fiffike. A ranar 29 ga Yulin 1967 a gaɓar Biyetnam, roka ɗaya ƙirar Zuni ta tashi da kanta a kan Forrestal, jirgin dakon jiragen Amurka, saboda matsalar lantarki, ta fasa tankin man wani jirgi, bama-baman da ke rataye suka fara fashewa cikin zafin wutar. Mutum 134 suka mutu. Fashewar farko ta kashe ƙwararrun masu kashe gobara, waɗanda suka rage da ba su da horo suka riƙa fesa ruwa suna wanke kumfar da aka shimfiɗa a kan mai. Daga nan ne aka tilasta wa kowane sojan ruwan Amurka koyon kashe gobara, aka kuma sa bututan fesa kumfa a cikin dandamalin kansa.

A yaƙin Midway ma a 1942, abin da ya cinye jiragen dakon jirage huɗu na Japan, Akagi da Kaga da Soryu da Hiryu, wuta ce. An same su da mai da makamai a rumfar jirage ta ƙasa, bama-bamai kaɗan suka tayar da sauran.

Malam Sanusi, Unguwar Rimi:
To Baba ai kun ƙarfafa mini gwiwa. Sin tana da makamai masu linzami na harbin jiragen ruwa, DF-21D mai cin kilomita 1,500 da DF-26 mai kai wa wajen 4,000, ta kuma harba su gwaji a Tekun Kudancin Sin a watan Agustan 2020. Suna faɗowa ne daga sararin samaniya da gudu ninkin-ba-ninkin na sauti. Ɗaya ya sauka a dandamali, magana ta ƙare.

Dokta Aminu, Barnawa:
Malam Sanusi, makamin shi ne mataki na ƙarshe kuma mafi sauƙi. Kafin a danna maɓalli akwai matakai da dole kowanne ya yi daidai. Sai an gano jirgin a cikin teku. Sai an tabbatar shi ne, ba tankar mai ko jirgin kwantena ba, domin su ma tsawonsu yana haura mita 300. Sai an ci gaba da bin sawunsa. Sai labarin ya isa wurin mai ba da umarni, ya isa wurin masu harbi, a loda wa makami wurin da zai nufa. Bayan an harba kuma sai idon da ke kan makamin ya sake gano jirgin da kansa a daƙiƙun ƙarshe, cikin tsananin zafin shigowa iska da kuma hargitsin na'urorin da ke rikita rada.

Ga lissafin da ke ba masu harbi ciwon kai. Jirgin yana gudun kilomita 55 a awa. Idan tauraron ɗan'adam ya ɗauki hotonsa, aka ɗauki rabin awa kafin makami ya iso, jirgin ya yi kilomita 28 zuwa duk inda ya ga dama. Da'irar da zai iya kasancewa a ciki ta kai murabba'in kilomita 2,400. In jinkirin ya kai awa guda, ta ninka sau huɗu, wajen 9,500. Tauraron da ke ɗaukar hoto mai kyau kuwa yana ƙasa-ƙasa ne, yana wuce wuri cikin mintuna kaɗan, sai an jira wani ya zo. Shi ya sa Sin take ta harba taurarin Yaogan da yawa, ta gina rada mai hango bayan sararin teku, take kuma sa jirage marasa matuƙa masu daɗewa a sama. Su kuma Amurkawa aikinsu katse ɗaya daga cikin matakan nan: su kashe rada da rediyon jirgin ya yi tsit, su sa wani ƙaramin jirgi ya riƙa fitar da sigina irin nasa, su toshe hanyar sadarwa, ko su kakkaɓo jirgin leƙen asirin.

Abin da babu mai musu a kai shi ne, tun daga 1945 ba a nutsar da babban jirgin dakon jirage a yaƙi ba, kuma ba a taɓa harba DF-21D a kan jirgin da ke kare kansa ba. Kowane ɓangare gwajinsa yake dogaro da shi.

Usman, Mando:
Dokta, ranka ya daɗe, in ƙara wani lissafi a ɓangaren tsaro. Ƙasa a dunƙule take, rada kuma a miƙe take gani. Idan rada tana kan tsayin mita 30 a jikin jirgi, makami kuma yana tahowa mita 5 a saman ruwa, ba za ta gan shi ba sai ya rage kilomita 32, kusan tsakanin Kaduna da Jaji. Makami mai linzami irin Exocet mai gudun mita 300 a daƙiƙa zai cinye wannan tazara cikin daƙiƙa wajen 107. Irin BrahMos na Indiya da Rasha, mai ninka sauti kusan sau uku, daƙiƙa 35 ma bai cika ba. A cikin wannan ɗan lokaci za a gane, a yanke shawara, a harba.

Maganin wannan shi ne a ɗaga rada sama. Jirgin E-2D Hawkeye, mai faifai a bayansa, idan ya hau mita 8,000 yana hango abin da ke saman ruwa daga nisan kilomita 370. Minti biyu ya koma minti ashirin. A yaƙin Fokland da Ajantina a 1982 Birtaniya ba ta da irin wannan jirgi, sai ta tura jiragen rakiya gaba su zama idonta. Haka Exocet ya samu jirgin rakiya Sheffield ranar 4 ga Mayu, mutum 20 suka mutu, ya kuma samu jirgin dakon kaya Atlantic Conveyor ranar 25. Ajantina kuwa Exocet biyar kacal take da su na harbawa daga jirgin sama.

A nan ne bambancin majaujawa da tudun tsalle yake. Queen Elizabeth na Birtaniya da Liaoning da Shandong na Sin da Vikrant na Indiya duk tudu ne a gabansu, jirgi yana hawa da ƙarfin injinsa. Hawkeye ba zai tashi ta haka ba, sai a koma ga helikwafta mai rada, wanda ba ya hawa sama sosai kuma ba ya daɗewa. Dalilin da ya sa Sin ta sa majaujawar lantarki a Fujian da ta saka a ruwa a 2022 ke nan.

Injiniya Bala, Kakuri:
Madalla Usman. Kuma jama'a su tuna jirgin ba ya fita shi kaɗai. Tsaronsa zobe-zobe ne. Can nesa jiragen yaƙinsa da Hawkeye, burinsu su kashe mai harbi kafin ya harba. Sai jiragen rakiya masu tsarin rada da harbi na Aegis da makaman tare hari SM-2 da SM-6, da SM-3 na tare masu faɗowa daga samaniya. Kusa kuma ƙananan makaman tare hari ESSM da RAM, sannan bindigar Phalanx mai fesa harsashi 4,500 a minti. Ƙarƙashin ruwa galibi akwai jirgin nutso mai nukiliya, ga helikwaftocin farautar jiragen nutso.

Hajiya Rabi, Malali:
Zoben yana da ƙarfi Injiniya, amma yana da ƙasa kamar rumbu, ana ɗiba yana raguwa. Jirgin rakiya ƙirar Arleigh Burke ramukan harbi 90 zuwa 96 gare shi. Ba duka na tare makamai ba ne, wasu Tomahawk ne na kai hari kan tudu, wasu na farautar jirgin nutso. Al'ada kuma ana harba biyu a kan kowane makami mai shigowa don a tabbatar. Idan ramuka 50 ne na tsaro, hari 25 mai kyau ya kwashe su. Babbar matsalar ita ce loda ramukan nan yana buƙatar kuren da ruwa mai kwanciya, wato sai jirgi ya bar fagen daga ya tafi tasha, kwanaki a hanya. Sai a 2024 ne ma Amurka ta gwada na'urar lodawa a tsakiyar teku, kuma gwaji ne tukuna.

Bahar Maliya ta nuna haka ƙarara. Daga ƙarshen 2023 'yan Husi na Yaman suka riƙa cillo jirage marasa matuƙa masu arha, ana tare su da SM-2 na kusan dala miliyan 2 ko SM-6 na miliyan 4. Ba su taɓa samun jirgin dakon jirage ba, gaskiya ne. Amma mai dakon jirage Harry S. Truman ya dawo babu jiragen yaƙi F/A-18 guda uku, kowanne sama da dala miliyan 60. Ɗaya jirgin rakiyarsa Gettysburg ne ya harbo shi bisa kuskure a Disambar 2024. Ɗaya ya sulale daga rumfa ya faɗa teku tare da taraktar da ke jansa a Afrilun 2025, lokacin da jirgin ya yi kwana mai tsanani yana kauce wa hari. Na uku igiyar sauka ce ta ba da matsala a watan Mayu. Gajiya da matsin lamba na watanni su ne suka yi wannan aiki.

Sai mai. Tukunyar nukiliya tana tura jirgin shekara 20 da wani abu ba a sake mata makamashi ba, amma jiragen samansa da jiragen rakiya mai suke sha, mutum dubu huɗu kuma abinci suke ci. Kowane 'yan kwanaki sai tankar ruwa ta jero da shi a miƙa tiyo, su biyun suna tafiya a miƙe da gudu ɗaya na tsawon awoyi. A Satumbar 2024 tankar Big Horn ta samu rauni a gaɓar Oman, rundunar Abraham Lincoln ta shiga neman wadda za ta ba ta mai. Mai hankali tankar zai nema, ba ta da zoben da babban jirgin yake da shi.

Baba Ɗanladi, Kawo:
Ni abin da ya fi tsorata ni shi ne na ƙarƙashin ruwa. Makami mai linzami sama yake bugawa, iska ce ke shiga ramin. Tofido kuwa, wato makamin da ke tafiya cikin ruwa, ƙarƙashin ƙashin bayan jirgi yake fashewa, ya ɗaga shi ya sake shi, ƙarfe ya tsage, ruwa ya shiga. Wani irin ma sawun kumfar farfela yake bi har ya iso ga farfela da sitiyarin ruwa. Jirgin da ba ya gudu kuwa ba zai iya juyawa ya fuskanci iska ya samar wa jiragensa iskar tashi ba.

Taiho, mai dakon jiragen Japan, a 1944 tofido ɗaya ne ya same shi, tankin mai ya tsage, aka buɗe fankoki don a kore tururin man, sai suka watsa shi ko'ina cikin jirgin, bayan awoyi ya tarwatse. A 1982 da jirgin nutson Birtaniya Conqueror ya nutsar da General Belgrano, jirgin yaƙin Ajantina, mutum 323 suka mutu, mai dakon jiragen Ajantina ya koma gida bai sake fitowa ba har yaƙin ya ƙare. A 2005 Amurka ta yi hayar jirgin nutso Gotland na Suwidin don atisaye, ya kutsa zoben mai dakon jirage Ronald Reagan ba a ji shi ba. A Oktoban 2006 jirgin nutson Sin ƙirar Song ya ɓullo kusa da mai dakon jiragen Amurka Kitty Hawk a yankin Okinawa.

Sai dai a yi adalci. Jirgin nutso mai batir a hankali yake tafiya in yana son ya yi shiru, ba zai iya bin mai gudun kilomita 55 ba. Kwanton ɓauna yake yi a mashigi irin Hormuz ko Babul Mandab, inda faɗin ruwa bai wuce kilomita 30 da 'yan kai ba.

Dokta Aminu, Barnawa:
Baba, wannan ya kawo mu inda nake ganin ainihin raunin yake. Makaman nesa da jiragen nutso ba sai sun kashe shi ba, korarsa kawai za su yi. Kwamandan da ya san mutum 4,500 na wuyansa, ya kuma san cewa Newport News ne kaɗai wurin da ake ƙera irin jirgin a Amurka, kuma Ford an fara haɗa shi a 2009 bai fita cikakken aiki ba sai 2023, ba zai kusanci gaɓar Sin ba. Zai tsaya can bayan kilomita 1,500. Amma F/A-18 da bama-bamai kilomita 700 zuwa 800 yake zuwa ya dawo, F-35C kuma 1,100 da ɗan wani abu. Hannunsa bai kai ba. Sai an ba jirage mai a sama, kuma tun da aka ajiye S-3 Viking, jirgin da ke yin wannan aiki, a 2009, F/A-18 ne ke ba 'yan'uwansa mai, wato jiragen faɗa sun koma tanka. MQ-25, tanka maras matuƙi na Boeing, don toshe wannan giɓi ake ƙera shi. A wurina makomar jirgin dakon jirage tana kan nisan da jiragensa za su iya ci, fiye da kaurin ƙarfensa.

Malam Sanusi, Unguwar Rimi:
To in haka ne me ya sa Sin, wadda ta fi kowa sanin rauninsa, take ƙera nata?

Injiniya Bala, Kakuri:
Saboda filin jirgin tudu ya fi shi rauni ta hanya biyu. Ba ya motsi, kowa ya san inda yake har zuwa mita. Kuma sai da izinin mai ƙasa. Ga misali a maƙwabta: Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 a sansaninta na Agadas, gwamnatin Nijar ta ce a fita, a 2024 suka kwashe kayansu. A Maris na 2003 majalisar Turkiyya ta hana sojan Amurka bi ta ƙasarta zuwa Iraƙi. A 2001 kuwa yawancin jiragen faɗan da suka fara kai hari Afganistan daga kan Enterprise da Carl Vinson suka tashi a Tekun Larabawa. Kilomita 22 daga gaɓa ikon ƙasa a kan ruwa ya ƙare, babu wanda za a roƙa. Kuma yawancin rikicin duniya ba da Sin ake yi ba, da masu ƙaramin ƙarfi ne, inda jirage 60 zuwa 70 masu tashi sau 120 a yini suke sauya lissafi.

Nura, Rigasa:
Iyayena da yayyena, ina biye da ku. Tambayata, mu Najeriya fa? Ko ƙarami bai kamace mu ba, ganin matsalar Mashigin Gini?

Hajiya Rabi, Malali:
Ƙanena, bai kamace mu ba. Mai jirgi ɗaya rabin lokaci ba shi da ko ɗaya, domin ƙa'idar ita ce ɗaya a fage, ɗaya a horo, ɗaya a gyara. Amurka mai 11 ma uku ko huɗu ne galibi suke bakin aiki a nesa. Faransa idan nata guda ɗaya, Charles de Gaulle, ya shiga babban gyara fiye da shekara take zama babu. Barazil ta sayi tsohon Foch daga Faransa a 2000 kan dala miliyan 12, ta sa masa suna São Paulo, gyara ya gagare ta, a Fabrairun 2023 ta nutsar da shi da hannunta. Tailan ta karɓi Chakri Naruebet a 1997, zuwa 2006 jiragen Harrier ɗinsa sun tsaya, helikwafta kawai ya rage.

Gaɓarmu kilomita 853 ce, ruwan da muke da haƙƙin arzikinsa kilomita 370 ne daga gaɓa. Jirgin sintiri da ya tashi daga Legas ko Fatakwal ya rufe wannan duka. Masu satar ɗanyen mai da 'yan fashin teku da masu kamun kifi ba izini ƙananan jirage suke amfani da su, maganinsu rada a gaɓa irin tsarin Falcon Eye, jiragen sintiri masu ɗaukar helikwafta, da kuɗin gyara da ba ya yankewa. Jirgin yaƙinmu NNS Aradu da aka kawo daga Jamus a farkon shekarun 1980 ya shafe shekaru a ɗaure a tasha, kuma tan dubu uku da ɗari huɗu ne kawai.

Usman, Mando:
Nura, in kana son abin da ƙasa mai matsakaicin ƙarfi za ta sa wa ido, dubi Turkiyya. Da aka cire ta daga shirin jirgin yaƙi F-35, sai ta mai da jirgin ruwanta TCG Anadolu, wanda ta shigar aiki a 2023, wurin tashin jirage marasa matuƙa. A Nuwambar 2024 jirgi maras matuƙi Bayraktar TB3 mai naɗe fiffike ya tashi daga kansa ya kuma sauka, ba majaujawa ba igiya. Iyakarsa a fili take: farfela gare shi, gudunsa kaɗan, kayan da yake ɗauka bai kai kilo 300 ba, kuma ba zai iya kare jirgin daga jiragen faɗa ba. Amfaninsa sintiri na kusan yini guda a sama da harin ƙananan jirage. Ko shi ma Anadolu tan dubu 27 ne, yana buƙatar jiragen rakiya biyu ko uku da tankar mai kafin ya yi nisa da gida, kuma hanyar sadarwa da tauraron ɗan'adam ita ce farkon abin da abokin gaba zai toshe.